Baƙon Da Ba A Ɗebo Wa Ruwa

Shekaranjiya, da sababbin ƴan sitaji, wato ɗalibai masu koyon aiki, suka zo, na ji ɗayansu yana gaya wa abokinsa a bayan mota cewa shi bai yi shekaru a iniversite don ya zo ya riƙa cika kwalba da ruwa ba, aikin da ƙanwarsa take yi kowace safiya ba takarda ba komai. Ban ga laifinsa ba, domin ni ma haka na ɗauki aikin sa'ad da na shigo shi. Amma tunda na kusa ajiye shi, gara in rubuta muku abin da na sani. Wanda ya ga zai amfane shi ya ɗauka.

Sunana Isuhu, haifaffen Tasawa. Ban yi nisa a karatun lakwal ba, a kolej na tsaya. Ina gyaran babura a bakin tasha wata malama mai binciken ruwa, Madam Hadiza, ta zo neman wanda ya san hanyoyin rairayi na Kona da Hawandawaki har zuwa ƙasar Mayahi. An ce mata ni. Na zaci jagora kawai zan yi, ashe sana'ar da zan tsufa a cikinta ce.

Aikin farko da ta ba ni shi ne wankin kwalabe. Kwalabe ne masu launin ƙasa-ƙasa irin na maganin tari. Na sayo garin sabulu, na zauna na dirje su har suna ƙyalli, na jera su a rana, na kira ta ta gani. Ta duba su, ta ce in kwashe. Da muka je labo, ɗakin gwajinsu da ke birni, sai ta zuba tsarkakken ruwa a ɗaya daga cikinsu, ta girgiza, ta tsiyaya kaɗan a wani ɗan gilashi mai kusurwa huɗu wanda bai fi ɗan yatsa ba, ta sa shi cikin mashin, ta rufe. Jim kaɗan wani tudu mai launi ya taso a allon ordinater, wato kwamfuta.

Ta ce, "Malam Isuhu, ka gane wannan? Sabulunka ne."

Ran nan ta yi mini bayanin mashin ɗin, kuma har yau da kalmominta nake bayyana shi. Sunansa fulorimetir, amma mu fitila muke ce masa. Duk ruwa, kome haskensa, akwai abubuwan da suka narke a ciki waɗanda ido ba ya gani: ragowar ganye, ragowar saiwa, abin da dabba ta bari, abin da mutum ya bari. Mashin yana haska ruwan da wani irin haske, sai waɗannan abubuwa su mayar da nasu hasken, kowanne da launinsa. Ordinater ya tara amsoshin ya zana su kamar taswirar tuddai. Tsohon ganye da ya ruɓe cikin ƙasa yana da wurin da tudunsa yake fitowa, faffaɗa, can dama. Abu ɗanye kuma, wanda bai daɗe da rabuwa da mai rai ba, kamar ruwan salga ko kashin shanu ko nono, tudunsa ƙarami ne mai tsini, a kusurwar ƙasa. Garin sabulu ma yana da nasa, domin abin da ake sa masa don farar riga ta yi haske ranar Juma'a shi ne yake amsa wa fitila.

Daga ranar na koyi cewa tsabtar gida dabam, tsabtar kwalba dabam. Ba a sa mata sabulu. Ruwan magani ake jiƙa ta a ciki, a ɗauraye da tsarkakken ruwa, sannan a gasa ta a tanderu har duk abin da ya maƙale ya ƙone, a rufe bakinta da takardar alminiyom. Ba a taɓa cikin murfi da yatsa. Ranar aiki ba a shafa mai, ba a sa turare. Ni da nake son turare kamar me, sai da na bar shi, har uwargidana ta ce wannan aiki ya mai da ni kamar mai takaba.

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowanne da dalilinsa. Akwai gugarmu ta ƙarfe da igiyarta, domin gugar ƙauye ta robar taya ce ko ta fata, kuma dukkansu suna barin haskensu a ruwa. Akwai safar hannu, da matata ƙarama mai kama da kwabo da ake tura ruwa ta cikinta don laka ta tsaya. Akwai akwatin ƙanƙara, domin zafi yana sa ƙananan halittun cikin ruwa su ci gaba da ci, su sauya abin da ka ɗebo, rana kuma tana kashe hasken. Sai kuma wadda muke kira kwalbar shaida. Tsarkakken ruwa ne a cikinta tun daga labo. Tana bin mu ko'ina, a buɗe ta a bakin rijiya, a tace ta kamar sauran, a rufe. Idan ta dawo da tudu, to hannun mai ɗiba ne ya yi magana, ba rijiya ba. Sau da yawa ta tona mini asiri a shekarun farko.

Na tuna wani tabki a ƙasar Hawandawaki, ƙarshen kaka. Ruwan ya yi launin shayi saboda ganyen bagaruwa da ya zuba a ciki. Na naɗe wando na shiga har gwiwa, na tsaya tukuna sai da lakar da ƙafafuna suka tayar ta kwanta, na miƙa hannu gaba, wajen da iska take fitowa, na ɗiba. Wani makiyayi yana tsaye yana kallo. Da ya ga na zubar da cikon farko da na biyu, na sake cikawa, sai ya tambaye ni ko ruwan ne bai yi mini daɗi ba. Na ce kwalbar nake sabar wa ruwan. Ya ce shi ma haka yake yi wa sabuwar gora, ashe likitoci ma sun sani. Da aka kai labo, ruwan ya yi wa fitila kauri, sai da aka sirka shi kafin ya amsa daidai.

Masu neman aikinmu iri-iri ne. Akwai masu gina rijiyoyi, akwai ƴan meri, wato ma'aikatan hukumar gari, akwai ɗalibai masu rubuta binciken ƙarshe. Su duk sun san jiran sakamako. Masu wuyar amsawa su ne mutanen gari, domin tambayarsu ɗaya ce, a sha ko kada a sha. Fitila kuwa ba ta amsa wannan ita kaɗai. Alama take bayarwa. Tana cewa akwai abu ɗanye a ruwan nan, amma ba ta faɗin sunansa. Sai an sake ɗiba, an kuma yi gwajin ƙwayoyin cuta, kafin a buɗe baki. Madam ta sha gaya mini haka.

Akwai kuma abin da babu shi a littafin aiki. A ƙasarmu baƙo ba ya jan guga. Da ka tsaya bakin rijiya da igiya a hannu, mata za su karɓe ta, domin abin kunya ne garin a ce namiji baƙo ya ja ruwa suna tsaye. Da ƴan mata da matan aure abin yana da sauƙi. In ce musu uwargidana ce ta aiko ni in koyi aiki don ta gaji da raggo, su yi ta dariya su bar ni. Da tsofaffi ne wasa ba ya yi.

Shekarar da nake kira muguwar shekara, damina ta yi ƙarfi, tabkuna suka cika suka haɗe da hanyoyi, zawo ya shiga yara a ƙauyuka da dama. Aka ce mu zagaya rijiyoyi da gaggawa. Madam ta tsaya labo, ni nake yawo a babur ina aika akwati ta motar kasuwa.

Na isa wani ƙauye gabas da Kona da rana tsaka, na gaji, babur ya kafe mini a laka a hanya. Rijiyarsu tana gindin wata tsamiya, gidan da ya fi kusa da ita kuwa na wata tsohuwa ce, Inna Tabawa. Marigayi mijinta yana cikin waɗanda suka haƙa rijiyar, ita kuma tun rasuwarsa take share bakinta kullum, tana korar awaki, tana yi wa yara faɗa in sun jefa abu. Gwiwoyinta sun lalace, da sanda take tafiya. Ɗanta da yake aiki a arewa ya zo ya gina mata salga a cikin gida, mai daɓen siminti da ƙofar kwano, don kada ta riƙa fita daji. Ita ce salga ta farko a unguwar, kuma Inna takan nuna wa baƙi ita kamar yadda wasu suke nuna sabon ɗaki.

Ran nan ruwan rijiyar ya yi ja saboda ruwan sama da ya gangaro. Ina kwance igiya sai na ji an karɓe kwalaben daga hannuna.

Ta ce, "Ɗan nan, zamna. Ba a garin ga ba za ka ja guga ina raye."

Na fara yi mata bayani, ta ce bayanin ya jira in sha ruwa. Ta sa aka shimfiɗa mini tabarma a inuwar tsamiya, aka kawo farau-farau mai sanyi a ƙwarya. Tsarar mahaifiyata ce, kuma ta kira ni ɗanta a gaban mata. Na san dokar aikina sarai, amma na ce a raina ai ruwan rijiyar nan ne dai, daga hannunta zuwa hannuna me zai sauya. Ta shiga gida da kwalaben, ta fito da su cike da ruwa garau. Har na ji daɗi, domin matatar ruwa ba ta toshe mini ba. Na tace, na rubuta sunan rijiya a jikinsu, na yi godiya, na tafi. Kwalbar shaida kuwa ta dawo fes, tunda ita ba ta shiga gidan ba.

Da sakamako ya fito, tudun kusurwar ƙasa na wannan rijiya ya fi na kowace tsawo. Madam ta kira ni ta tambaya ko daga rijiyar aka ɗiba, na ce i. Ta ce abin ya ba ta mamaki, kada in faɗa wa kowa, za ta zo da kanta mu sake ɗiba.

Ranar kasuwar Tasawa na gamu da mai garin a wajen masu goro. Jikansa yana kwance a asibiti an sa masa ruwa. Ya riƙe hannuna ya ce in gaya masa don Allah abin da aka gani, shi ba ya iya jiran takarda yara suna zubewa. Na ce masa ba a tabbatar ba tukuna, amma akwai alamar abu irin na salga. Kalmar ba a tabbatar ba a kasuwa ta tsaya, kalmar salga ce ta hau mota ta isa ƙauye.

Sa'ad da muka koma da Madam bayan kwanaki, bakin rijiyar ba kowa. Kashin awaki ya cika wurin, an ɗora ƙaya a kan murfi. Muka hango mata can nesa suna dawowa daga tabki da bido, wato jarkoki, a ka, tabkin da shanu suke shiga. Wato an bar ruwan da ake zargi an koma wa wanda babu shakka a kansa. Salgar Inna kuwa samari sun cike ta da ƙasa, sun fasa daɓen, ƙofar kwanon tana jingine da danga. Ba wanda ya zage ta, in ji maƙwabciyarta, amma mata sun daina shiga gidanta ɗibar wuta, kuma kowace asuba sai ta dogara sanda ta fita bayan gari.

Madam ta nufi bakin rijiyar. Ta janye ƙayar, ta sa safar hannu, ta zura gugarmu da kanta. Ruwan ya fito ja kamar wancan karo. Muna fama da matatar ruwa tana toshewa sai ga Inna ta fito a hankali. Ta gaishe mu ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi gajiyar hanya da mutanen gida. Sannan ta duba kwalbar da take hannun Madam ta girgiza kai.

Ta ce, "Ɗiyata, haka za ki kai shi birni, su ce mutanen garin ga laka suka sha? Kawo in gyara miki kamar yadda na gyara ma ɗan nan."

Madam ta ce, "Inna, yaya kika gyara mishi?"

Sai ta kwance bakin zanenta ta nuna mana ƙwayar zogale, farare, an ɓare su. Ta ce wata ma'aikaciyar lafiya ce ta koya musu tun da daɗewa: a daka ƙwayar, a zuba a randa, a motsa, laka ta kwanta. Ita randa guda ta ware don baƙi, kullum da gyararren ruwa a ciki. Daga nan ta cika mini kwalabena, domin ba ta so a raina rijiyar mijinta a birni.

Madam ta zauna a bakin rijiyar. Ta karɓi ƙwayar ta juya ta a tafin hannu, ta ce mini a hankali, da Faransanci don kada tsohuwar ta ji nauyi, cewa ƙwayar zogale abu ne ɗanye mai gina jiki, kuma haskensa a kusurwa ɗaya yake fitowa da na salga. Sannan ta juya ta roƙi Inna ta sam mata ruwan randar da ƴan ƙwayoyi, ta ce tana so ta nuna wa na birni. Inna ta ji daɗi, ta ƙara mata da yawa.

Kafin mu bar garin Madam ta sa aka tara mata, ta ce kada wanda ya ƙara shan ruwan tabki sai an tafasa, na rijiya ma a tafasa har sakamako ya zo. Sakamakon ya zo yadda ta zata. Ruwan randa ya ba da dogon tudun nan sak. Ruwan rijiya kuwa tudunsa na kusurwa gajere ne, gwajin ƙwayoyin cuta ma ya nuna matsalarsa ta sama ce, daga tsagewar dakali inda ruwan sama yake shiga da dattin dabbobi. Salgar ba ta da laifi ko kaɗan.

Ni na kai maganar, tunda ni na kai ta farko. Bayan sallar Juma'a na tsaya gaban masallaci na faɗa musu yadda aka yi, cewa na bar wani ya cika mini kwalba alhali an hana ni, na kuma yi magana tun ba a ba ni izini ba. Mai gari ya ce shi ma da nasa, shi ya matsa mini, shi ya ba samari umarni. Aka gyara dakalin, aka zuba maganin ruwa, mata suka dawo rijiya. Samarin da suka cike salgar su suka haƙa sabuwa a bayan gidan, ta gangare, inda Madam ta nuna, ni kuma na kwaɓa simintin. Ƙofar kwanon nan ita aka mayar. Amma kafin a gama tsohuwar ta yi makonni tana fita daji cikin raɓa, kuma daga wannan damina gwiwarta ta hagu ba ta sake miƙewa ba. Wannan ba a gyara shi da siminti.

Da na shiga ba ta haƙuri, ta saurare ni har na gama. Sai ta ce, "Ashe gyaran da na yi shi ya ɓata."

Na ce a'a, Inna, ruwanki ya fi na kowa kyau a garin nan, fitila ce ba ta san alheri ba, ni kuma da na san fitila ban hana ki ba. Sai ta tambaye ni ko na ci abinci.

To ku da za ku gaje mu, ga abin da zan bar muku. Wankin kwalba za ku iya shi cikin wata guda, karatun tuddai kuwa kun fi ni tun yanzu. Abin da zai ɗauke ku shekaru shi ne ku ƙi alherin tsohuwa a gaban jama'a ba tare da kun kunyata ta ba. Ni dabarar da na samu ita ce in fara zama. In gaisa, in sha abin da aka ba ni, in tambayi wanda ya haƙa rijiyar, sannan in ce ina da roƙo. Roƙo kuwa ba a hana baƙo shi. In kuma an tare ku a kasuwa, ko da hawaye aka tambaye ku, ku ce a tafasa ruwa, sauran magana tana tafe.

Na ci gaba da zuwa rijiyar tsamiya kowace damina da kowane rani, har Allah ya yi wa Inna Tabawa rasuwa. Duk ranar da ta ji ƙarar babur ɗina sai ta sa a fito mata da kujera bakin rijiya, ta ɗora sanda a kan cinya. In wata sabuwar amarya da ba ta san labari ba ta miƙo hannu za ta karɓi igiyata, sandar ce take tare ta.

"Bar shi ya sha wuyarshi," take cewa. "Baƙon ga ba a yi mishi alheri sai ya rufe kwalba."

Haka zan ja gugata ina haki, mata suna dariya, ita tana lura kada inuwar kowa ma ta faɗa ciki. Sai ta ji na danna murfin akwatin ƙanƙara, sannan ta janye faifai daga kan ƙwaryar da take ɓoye a ƙarƙashin kujerarta, ta miƙo mini da hannu biyu.

"Ungo. Wanga na cikinka ne, kuma na gyara shi."